Kira Kan Sinadaran Gwajin Insulin a Ɗakunan Bincikenmu

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana kan wani aiki da masu ciwon sukari ba sa gani da idonsu, alhali yana da hannu a maganin da ake ɗora su a kai.

Ni ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne a Katsina. Idan muna son sanin ko jikin mutum yana samar da insulin nasa, wato sinadarin da ke daidaita sukari a jini, auna insulin kaɗai ba ya wadatarwa, domin wanda ake yi wa allurar insulin za a iya samunsa a jininsa ko da fankiriyas ɗinsa, gaɓar da ke samar da insulin, ta daina aiki. Abin da muke nema shi ne C-peptide, guntun da ke rabuwa da proinsulin (sinadarin da ake fitar da insulin daga cikinsa) lokacin da jiki ke sarrafa shi, wanda ke fitowa daidai wa daida da insulin, kuma babu shi a kwalbar allura. Donald Steiner ne ya gano proinsulin a 1967 a Amurka.

Da antibodi ake kamo wannan guntu, wato sinadarin garkuwar jiki da aka shirya don ya manne wa abu ɗaya tak. Nan gizo ke saƙar. C-peptide yana cikin jikin proinsulin tun asali, saboda haka antibodin da ba shi da inganci sai ya cafke su biyun, awo ya haura gaskiya, mai bincike ya rubuta abin da babu shi. Kama da wane ba wane ba ne.

A bazarar bara na buɗe kular antibodin da aka aiko mana daga Legas, na tarar ƙanƙarar ta zama ruwa mai ɗumi, ga shi kuwa ana son ajiye kayan tsakanin digiri 2 zuwa 8. Da muka gwada a faranti mai ramuka 96, ramukan da ya kamata su rine shuɗi suka tsaya kamar ruwan randa. Jinin da mutane suka ba mu da amana, wasu bayan sun wuni ba su karya ba, ya tafi a banza, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Don haka ina kira ga hukumomin lafiya da jami'o'inmu su sanya firiji mai aiki da hasken rana a kowane ɗakin bincike, su kuma wajabta gwada duk antibodin da aka sayo da samfurin da aka san adadinsa kafin a taɓa jinin kowa.

Naka,
Wani ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje,
Ƙofar Ƙaura, Katsina.