Zuwa ga ƙanwata da ta tambaye ni batun Pilates a gaban jama'a

Assalamu alaikum ƙanwata,

Ranar Lahadi a wajen walimar saukar yaran Islamiyyarmu a nan Agege, kin miƙe a tsakiyar mata kin ce mini: "Anti, wai wannan Pilates da kike yi zai sauke mini tumbin haihuwa? Kuma dole sai na tsallaka Lekki na hau injin nan da ake nunawa a waya?" Wata daga bayanki ta ƙara da cewa ita ta ji an ce ɗan'uwan yoga ne, wai bautar mutanen Indiya. Aka yi dariya, aka shigo da shinkafa, magana ta bi ruwa. Tunda a fili kika tambaya, kuma na lura masu kasa kunne a wurin sun fi masu magana yawa, ga amsar a fili.

Bari na fara da wadda ba za ta yi miki daɗi ba. Pilates, wato salon motsa jikin nan da ake yi a hankali ana bin numfashi, ba ya narkar da kitsen ciki. Babu wani motsa jiki da ke zaɓar kitsen wuri ɗaya ya ƙone shi. Kitse daga jiki gaba ɗaya yake sauka, idan abin da jiki ke ƙonawa ya fi abin da baki ke ci, kuma Pilates na sabon shiga ba ya ƙona da yawa. Aikinsa daban ne. Akwai tsokar da ke can ƙarƙashin sauran tsokokin ciki, ta zagaye tsakiyar jiki kamar majanyi, akwai ta ƙasan mara da ke riƙe mafitsara da mahaifa, akwai ƙananan da ke bin ƙashin baya. Ciki da haihuwa suna sassauta su, zaman shago daga safe har magariba da zaman motar haya ta danfo a cunkoson Oshodi suna ƙara kashe su. Su ne Pilates ke tasarwa. Idan suka farka, tsayuwarki ta miƙe, cikin ya ɗan koma ciki, zani ya zauna daidai, ko da ma'auni bai nuna kin rage kilo ɗaya ba. Ni abin da ya kai ni ciwon ƙwanƙwaso ne, shekara da shekaru ina duƙe a kan keken ɗinki, kuma ta nan na ga amfaninsa tun kafin madubi ya nuna mini komai.

Batun bauta kuwa, Pilates sunan mutum ne. Joseph Pilates Bajamushe ne, an haife shi a 1883. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya same shi a Ingila, aka tsare shi tare da sauran Jamusawa a tsibirin Man, a can ya riƙa horar da 'yan'uwansa tsararru. Daga baya ya koma Amurka, ya buɗe wurin horo a birnin New York shi da matarsa Clara, masu rawar sana'a da suka ji rauni suka riƙa zuwa wurinsu gyaran jiki. Ya rasu a 1967. Shi kansa ba da sunansa ya kira abin ba, Contrology yake ce masa, wato sarrafa jiki da hankali. Wasu motsin sun yi kama da na yoga, wannan gaskiya ne, amma babu addu'a a ciki, babu kirari, babu fuskantar wani abu. Ƙirga numfashi ne da motsa gaɓoɓi. Hukuncin yoga na bar wa malamai, ba fagena ba ne.

Sai injin. Sunansa Reformer, wani abu ne kamar siririn gado mai zamewa gaba da baya, da sifirin da igiyoyi da ke ja ko su taimaka. Yana da amfani, ba na kushe shi. Wuraren da ke da shi sun fi yawa a Lekki da Ikoyi da Victoria Island, kuɗinsu kuma na mutanen can ne. Ki lissafa da kanki: daga Agege ki bi gadar Third Mainland, awa nawa a hanya, don zaman minti hamsin, ki dawo bayanki ya fi yadda kika tafi da shi ciwo. A littafin da Pilates ya fitar a 1945 motsi 34 ya jera, dukansu a ƙasa ake yin su, babu inji ko ɗaya. Abin da kike buƙata shimfiɗa ce mai ɗan kauri a kan daɓe, da wurin da za ki miƙe ƙafa da hannu ba ki bugi kujera ba. Ban da katifa. Katifa tana lotsawa, ƙashin baya ya rasa abin dogara.

Wannan darasin da jikina na biya shi. Farkon farawata, bidiyo na kunna a waya na haye katifa, na ɗauki motsin da ya fi kowanne suna, wanda ake kira Ɗari: a kwanta rigingine, a ɗaga kai da kafaɗu da ƙafafu, a riƙa kaɗa hannuwa sau ɗari, ana shaƙar iska a kaɗawa biyar a fitar a biyar. Matar cikin bidiyon ƙafafunta a miƙe, ni ma na miƙe nawa. Cikina ba shi da ƙarfin riƙe su, sai wuya da ƙugu suka ɗauki kayan. Kwana uku ko waiwaye ba na iya yi, sallamar salla da kafaɗa gaba ɗaya nake juyawa.

Don haka ki fara da numfashi, ko da zai yi miki kamar wasan yara. Ki kwanta rigingine, gwiwoyi a lanƙwashe, tafin ƙafa a ƙasa, ki ɗora hannuwa a gefen haƙarƙari. Ki shaƙi iska ta hanci har ki ji haƙarƙarin suna buɗewa gefe da gefe, sannan ki fitar ta baki a hankali, kina ɗan jan cibiya ciki kuma kina ɗage ƙasan mara kamar mai riƙe fitsari kaɗan. Kaɗan na ce. Ba matse ciki ba irin na mai ɗaukar hoton biki. Idan wannan ya zauna, ki ƙara ɗaga ƙugu daga ƙasa sannu-sannu, ƙashin baya na tashi gaɓa bayan gaɓa, ki sauke shi haka. Sai ki durƙusa a kan hannuwa da gwiwoyi, ki miƙe hannun dama da ƙafar hagu ba tare da ƙugu ya karkace ba, ki sauya. Sau shida ko takwas kowanne ya isa. A wannan harka guda biyar masu kyau sun fi hamsin na gaggawa, kuma duk motsin da ya sa kika riƙe numfashi ya fi ƙarfinki a yau, ki sassauta shi. Ɗarin ma za ki kai gare shi, amma gwiwoyi a lanƙwashe, kai a ƙasa idan wuya ya fara ƙorafi.

Ki bambance gajiya da ciwo. Rawar tsoka da tsamin jiki washegari ba komai ba ne. Ciwo mai suka, ko wanda ke sauka ƙafa kamar lantarki, ko jiri, tsayawa ake yi.

Ke da kika haihu watanni kaɗan da suka wuce, akwai abin da ya shafe ki musamman. Mata da yawa bayan haihuwa tsokar gaban cikinsu tana rabewa biyu daga tsakiya. Alamarta, idan kika ɗaga kai daga kwance sai ki ga tsakiyar cikin ya tasa kamar kunya a gona. In kin ga haka, ki bar duk motsin ɗaga kai da na ɗaga ƙafa biyu lokaci ɗaya, ki tsaya a numfashi da masu sauƙin nan har likitan gashin ƙashi ya duba ki. Wadda aka yi wa tiyata wajen haihuwa ta jira izinin likitanta, fita arba'in ba shi ne izini ba. Haka mai ciki, da mai hawan jini, da wadda aka ce faifan bayanta ya goce, da iyayenmu da ƙashinsu ya yi rauni, don yawan lanƙwasa baya gaba yana iya yi musu illa.

In kin yanke shawarar biyan mai koyarwa, ki buɗe ido. Tun shekarar 2000 wata kotu a Amurka ta yanke cewa kalmar Pilates ba mallakar kowa ba ce, kowa na iya rubuta ta a allon ƙofarsa. Na taɓa zuwa wani wuri a nan Legas, mai koyarwar ba ta tambaye ni ko da sunan ciwona ba, ta saki kiɗa tana ihun a ƙara sauri. Ban koma ba. Ta ƙwarai za ta fara tambayarki haihuwa nawa, ina ke ciwo, ko an taɓa yi miki aiki, ta zagaya tana gyara kowa, ta ba ki mai sauƙi idan mai wuya ya gagara. Ki tambaye ta inda ta koya da tsawon lokacin da ta yi tana koyo, ba rashin kunya ba ne. Ki tambayi ko ajin na mata ne zalla tun kafin ki biya. Wando mai taushi da riga mai ɗan kama jiki sun wadatar, don a ga yadda bayanki yake. Doguwar riga da hijabi na hanya ne.

Sau biyu ko uku a mako, minti ashirin, ya ishi mai farawa. Ni bayan asuba nake yi kafin yara su tashi, wuta ko babu wuta. Tumbin kuwa, in da gaske kike, ki haɗa da tafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla minti 150 a mako na motsin da ke ɗaga bugun zuciya, da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu. Pilates ya ɗauke miki na biyun, na farkon sai ki sauka daga keke napep tun kafin layinku ki ƙarasa da ƙafa, ki kuma duba lemon kwalba da burodin Agege da ake yi wa rakiya da shayi mai kauri da daddare. Na san burodin nan, ni ma ban gama rabuwa da shi ba.

Ranar Asabar bayan la'asar ina gida. Ki zo da shimfiɗarki, ki bar tazarar awa biyu tsakaninki da tuwo, kuma ki taho da mai maganar Indiya ta gani da idonta. A gaida maigida da yara.

Taki,
Antinki ta Agege