Wasiƙa zuwa ga ɗana mai koyon kiɗa a Legas

Assalamu alaikum, Abba.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, karatu kuma yana tafiya daidai. Mu nan gida lafiya lau, alhamdu lillahi. Ummanka ce ta faɗa mini abin da ya sa na ɗauki biro. Ta ce ka gaya mata laccocin da ake yi muku kan kwangila da haƙƙin mallaka da lissafin kuɗi ɓata lokaci ne, gara ka tafi ɗakin atisaye ka zauna da fiyano. Maganar ta tsaya mini a rai, na ga gara in rubuto maka a tsanake.

Ka san ba kowa a dangi ya so tafiyarka makarantar kiɗa ta MUSON ba. Na amince ne don na ga da gaske kake, kuma wuri ne mai tushe, ƙungiyar da ta kafa makarantar tun 1983 take aiki. Amma diflomar shekara biyu ce, kamar yau za ka ga ta ƙare. Ranar da ka fito ba albashin da ke jiran ka. In ka cire badujalar soja da ta 'yan sanda, ƙungiyoyin kiɗa masu biya duk wata 'yan kaɗan ne a ƙasar nan. Abin da mafi yawanku za su ci abinci da shi shi ne koyarwa a makarantun kuɗi, da wasa a wajen biki, da tsara sauti a sitidiyo, da waƙar talla ta rediyo, da kiɗan fim. Kowanne cikinsu ciniki ne: akwai farashi, akwai ranar biya, akwai wanda zai ce ka dawo gobe.

Makaɗanmu na da ba su raba fasaha da sanin harka ba. Makaɗin fada yana da ubangida, sarki ke ba shi gida da gona da doki da riga. Mai yawon biki kuwa ya san wanda zai yi wa waƙa da lokacin da zai yi ta, in an tashi wasa kuma ya san kason mai kalangu, da na 'yan amshi, da na sanƙira. Yaron da ya taso a ƙungiya yana ganin wannan rabo tun yana ɗaukar kaya, kafin ya girma ya haddace shi ba tare da an zaunar da shi ba. Kai ba ka gāji kiɗa ba, ba ka bi bayan kowa ba. Laccocin nan da kake gudu su ne za su tsaya maka a madadin abin da ɗan gado yake samu a gida.

Ga abin da nake so ka riƙe da kyau. Kowace waƙa dukiya biyu ce. Akwai ita kanta waƙar, wato kalmomi da karin da ka ƙirƙira, akwai kuma sautin da aka naɗa a sitidiyo. Suna iya zama a hannun mutum ɗaya, suna iya rabuwa. A dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, haƙƙin waƙar da ka tsara yana nan duk tsawon rayuwarka, har da shekara 70 bayan mutuwa, na sautin da aka naɗa kuma shekara 50 ne. Ka ga ke nan abin gado ne, jikokinka ma suna da rabo a ciki. Ba wa mutum izinin amfani da waƙarka na wani lokaci kamar ba da hayar gona ne, in damina ta wuce gonarka tana nan. Sallama masa haƙƙin gaba ɗaya kuwa sayar da gonar ne, komai ta bayar nan gaba nasa ne. A takardar kwangila layi ɗaya ne ke raba biyun, kuma da Turancin lauyoyi ake rubuta shi. Dokar ta ce sallamawa ba ta tabbata sai a rubuce, don haka sa hannunka shi ne komai.

Mu a Kano mun ga yadda abin ke faruwa. Lokacin da kaset da faifai ke ci a Ƙofar Wambai, mawaƙin fim yakan karɓi kuɗinsa sau ɗaya ya tafi, waƙar ta yi ta yawo shekara da shekaru. Da aka koma tura waƙa a waya, kasuwar faifan ma ta durƙushe. Masu murya da basira da yawa sun yi suna har Nijar da Ghana da Kamaru, amma sunan bai zama jari ba.

Abin da na fi ji maka tsoro shi ne kunya. Na san halinka, kuma mu muka rene ka a kai. An koya maka kara, an koya maka cewa tsananta maganar kuɗi da aboki ko da babba rashin tarbiyya ne. A gida hakan ado ne. A sana'a kuwa, mai jin nauyin faɗin farashinsa shi ake yi wa "Allah ya saka da alheri" bayan ya kwana yana aiki. Kada ka ɗauka neman a rubuta yarjejeniya zargi ne. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu, kuma muminai aka faɗa wa, mutanen da suka yarda da juna. Ni a kasuwa na ga rubutu yana tsare zumunci fiye da yadda yake tsare kuɗi, don mantuwa ta fi mugunta raba abokai. In kun haɗa waƙa ku uku, kafin ku bar sitidiyo ku rubuta kason kowa ku sa hannu, tun waƙar ba ta kawo ko sisi ba. A lokacin rabon yana da sauƙi. In an kira ka wasa, ka karɓi kafin alƙalami, a rubuta rana da wuri da awa nawa za ka yi, da wanda zai biya kuɗin mota da na kayan sauti. In ka yi niyyar yin aiki kyauta, ka yi shi da zuciya ɗaya, amma ka faɗa da bakinka cewa kyauta ce, don a san akwai farashin da ka yafe.

Manaja dillali ne, la'adarsa yawanci kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari. Ka tambaya daga me za a cire ta, kuma har yaushe. Kuɗin da kamfanin waƙa ke bayarwa tun farko yawanci ba kyauta ba ne, za a zare shi daga kasonka kafin ka sake ganin komai.

Na ji samari suna maganar intanet kamar rijiyar kuɗi. Dandalin sauraron waƙa na Spotify ya shigo Najeriya a 2021, amma tun 2024 waƙar da ba a saurara sau 1,000 a shekara ba ba ta samun kaso a wurinsu. A YouTube hanyar da aka fi bi kafin a fara raba kuɗin talla da kai ita ce mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo. Ka saka aikinka a can, amma kada ka ɗora kuɗin hayarka a kai. Ɗalibai biyar masu biyan ka kuɗin darasi duk wata sun fi tabbas a farkon tafiya, kuma koyarwa ba faɗuwa ba ce.

Sauran ƙananan abubuwa ne, amma ka yi su tun kana makaranta. Ka tambayi malamanku yadda ake rajistar ayyuka da ƙungiyar karɓar haƙƙin mawaƙa irin MCSN. Ka yi wa sana'arka rajistar suna a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka buɗe mata asusun banki dabam da na aljihunka, ka sami littafi kana rubuta shiga da fita. In a Kano za ka zauna, ka tuna akwai rajista da Hukumar Tace Finafinai. Abokan ajinka kuma ka riƙe su da mutunci, su ne za su kira ka aiki nan da shekara goma, kuma sun fi tuna wanda ke zuwa a kan lokaci.

Ban ce ka rage atisaye ba, in hannu bai ƙware ba babu abin sayarwa. Ka koma laccocin daga wannan mako. Duk takardar da aka miƙo maka, ko ta shafi ɗaya ce, ka ce a ba ka kwana biyu, ka turo mini hotonta in kai wa lauya ya duba, kuɗinsa a kaina. In kun samu hutu ka taho da littafin da kake rubuta darasin, ina so mu zauna ka karanta mini abin da suka ce kan kiɗan fim.

Ka kula da salla. Ƙannenka suna gaishe ka. Allah ya yi maka albarka, ya sa wa sana'arka albarka.

Mahaifinka.