Zaɓen Madubin Saiti Da Ɗaura Shi A Wasan Harbin Nesa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a shafin wasiƙu domin in yi bayani a kan abin da 'yan uwa suke yawan tambayata duk lokacin da na zo gida hutu, wato madubin hangen nesa da ake ɗaura wa bindiga, wanda zan riƙa kira madubin saiti. Ina zaune a Ingila, kuma na daɗe a cikin wata ƙungiyar wasan harbi da ke atisaye a filin Bisley da ke gundumar Surrey, inda Ƙungiyar Harbi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1859, ta tare tun 1890 bayan ta baro Wimbledon. Tun farko ina so masu karatu su sani cewa maganar wasa nake yi, allon takarda muke harbi, kuma a can babu mai mallakar irin wannan bindiga sai da takardar izinin 'yan sanda a ƙarƙashin dokar 1968, bayan ya yi aƙalla wata uku na gwaji a ƙungiya kuma an duba akwatin ƙarfen da zai riƙa kulle ta. A Najeriya ma dokar makamai ta 1959 ta hana riƙe bindiga ba tare da lasisi ba.

Finafinai sun sa mutane sun ɗauka cewa da zarar an ɗora madubi a kan bindiga, sai dai a sa gicciyen da ke cikinsa a kan abu a ja kunama, magana ta ƙare. Ai kuwa a wannan fili namu har gobe ana gasar Kyautar Sarki, wadda aka fara a 1860, inda ake kai harbi yadi 1,000 ba tare da madubi mai zuƙowa ba. Rukunin da nake ciki, F-Class, wani ɗan Kanada mai suna George Farquharson ne ya kawo shi domin dattawan da idonsu ya fara rauni su ci gaba da wasa, aka yarje musu madubi da matokari. Da aka ba su wannan sauƙi, sai aka ƙanƙance abin harbin: a yadi 1,000 faɗin da'irar tsakiya inci 10 ne, ƙwayar da ke cikinta kuwa inci 5, kamar bakin ƙaramin kwano. Harsashin .308, wato mai kaurin inci 0.308, yana shafe kusan daƙiƙa ɗaya da rabi kafin ya isa can, kuma a kan hanya yana faɗuwa ƙasa da abin da ya haura mita takwas. Saboda haka babban aikin madubin shi ne auna wannan faɗuwa da biyan ta daidai, gani kuma ya biyo baya.

Wannan shi ne abin da ban gane ba lokacin da na sayi madubina na farko. Na shiga wani shago, na zaɓi wanda ya fi kowanne girman lamba a jiki, mai zuƙowa har sau 50, ga araha, na fito ina murna. A yadi 100 bai taɓa ba ni kunya ba. Ranar da na fara kwanciya a filin Stickledown, inda ake harbin yadi 800 zuwa 1,200, na murɗa maɓallin saman madubin, wanda ke ɗaga inda harsashi zai sauka, gwargwadon lissafina, sai harsashin ya sauka ƙasa da da'irar. Na ƙara ƙas biyu, wato ɗan murɗin maɓallin sau biyu, bai motsa ba, na ƙara ɗaya sai ya yi tsalle ya wuce. Wani dattijo da ke kwance kusa da ni ya bari sai da na gama ɓarnar harsasaina, sannan ya tambaye ni ko na taɓa gwada gaskiyar maɓallan. Ban ma san ana yi ba. Araha dai ba ta ado.

Gwajin ba shi da wuya. Ana auna yadi 100 da tef, ba da taku ba, a kafa dogon kwali, a ja masa layi daga sama zuwa ƙasa da taimakon igiya mai nauyi a gindi irin wadda magina ke duba miƙewar bango da ita. Sai a ɗiga alama a ƙasan layin a harbe ta sau uku, a murɗa maɓallin sama MOA 30, a sake saita alamar nan dai a yi harbi uku. MOA ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin 60 na digiri, wanda ya yi daidai da inci 1.047 a yadi 100, don haka ya kamata rukunin ramuka na biyu ya hau inci 31.4 a kan layin. Idan inci 30 ya hau, mutum zai ce ai inci ɗaya da ɗoriya ba komai ba ne, alhali a yadi 1,000 wannan giɓi ya zama inci 14, ya fi faɗin da'irar gaba ɗaya. Daga nan sai a mayar da maɓallin sifili a ga ko harsashi zai koma gidansa na farko. Madubin da yake yin kuskure iri ɗaya kullum ana iya zama da shi, a rubuta kuskuren a riƙa cike shi a lissafi. Wanda yau ya ba da kaza gobe ya ba da wani abu dabam kuwa ba shi da magani. Wannan riƙon amana shi ne mafi yawan abin da mutum yake biya idan ya sayi kayan kamfanoni irin su Nightforce na Amurka, March na Japan, Kahles na Ostiriya ko Schmidt & Bender na Jamus, ko da yake su ma ba a ɗauke musu gwajin ba.

Game da zuƙowa, da yawa daga cikinmu suna da madubi mai kaiwa sau 50 ko 60, amma da rana ta ɗaga sai ka ga kowa yana ragewa. Dalili shi ne kawalwalniya, wannan rawar da iska mai zafi take yi a saman ƙasa, wadda duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Daura da tsakar rana a watan Afrilu ya san ta. Madubi yana zuƙo ta tare da allon, har da'irar ta riƙa iyo. Sai dai gwanaye ba sa ƙin ta ɗungurungum, domin karkatarta tana nuna inda iska ta dosa fiye da tutocin da ke gefen fili, kuma iska ce take raba gwani da ɗan koyo.

Sauran zaɓin ya danganta da irin wasan. Akwai madubin da ke ƙirga da MOA, kowane ƙas rubu'i ko kashi ɗaya cikin takwas, akwai kuma mai ƙirga da mil, ma'aunin kusurwa ba mil na nisan hanya ba, wanda mil ɗaya santimita 10 ne a mita 100, kowane ƙas santimita ɗaya. Babu wanda ya fi wani gaskiya. Abin gudu kawai shi ne a sayi wanda zanen cikinsa mil ne maɓallansa kuma MOA, kamar mai awo da mudu yana karɓar kuɗin tiya. Haka nan akwai wanda gicciyensa yake girma tare da hoton idan an zuƙo, wanda masu harbin faranti na ƙarfe a nisa dabam-dabam suka fi so saboda ma'auninsa ba ya sauyawa, da wanda gicciyen yake zama siriri yadda yake, wanda mu masu sanannen nisa muka fi so domin kada zaren ya rufe ƙwayar inci biyar. Sai kuma a duba yawan hawan da maɓallin sama yake da shi. Madubi mai MOA 60 gaba ɗaya rabinsu kawai yake da su a sama, wato 30, yadi 1,000 kuma yakan ci tsakanin 30 da 40 ga harsashin .308, shi ya sa ake ɗaura shi a kan ƙarfe mai gangaren MOA 20 domin a samu rara.

Ɗaurawar ita ce inda ake asarar kuɗin da aka kashe. Zobban da za su riƙe madubin dole su dace da kaurinsa, milimita 30 ko 34, kuma a ɗaure notinansu da maɗauri mai auna ƙarfi bisa abin da kamfani ya rubuta, domin matsewa fiye da kima tana lotsa bututun ta danne kayan ciki, maɓallan su fara gardama. Kafin a ɗaure, mai bindigar ya kwanta yadda zai yi harbi, ya ɗora kuncinsa a ƙota, ya kai zuƙowa ƙarshe, sannan a ja madubin gaba ko baya har hoton ya cika ba duhu a gefe. Tazarar ido da gilashi takan kai santimita tara ko kusa da haka. Wanda ya saita wannan a tsaye a ɗaki sannan ya je ya kwanta a fili, zai matsa kusa da yawa, bindiga ta yi shuri, bakin madubi ya tsaga masa gira. Ina da ɗan tabon a gira ta dama.

Abin da aka fi rainawa shi ne karkata. Idan layin tsaye na gicciyen bai miƙe daidai da igiyar magina ba, to duk hawan da aka murɗa yana tafiya da ɗan gefe. Karkatar digiri ɗaya, wadda ido ba ya kamawa musamman a fili mai gangare, tana kai harsashi kusan inci shida gefe a yadi 1,000, mutum ya yi ta zargin iska alhali laifin nasa ne. Don haka ake rataye igiya a nesa a daidaita gicciyen da ita, sannan a ɗaura ɗan ma'aunin nan mai ƙwayar iska a cikin ruwa a jikin madubin, a riƙa satar kallonsa kafin kowane harbi.

Saura gyara biyu da ake yawan rikita su. Gilashin da ke kusa da ido aikinsa fito da gicciyen, kuma ana saita shi sau ɗaya ne: a kalli sararin sama ta cikinsa a taƙaice, a kawar da kai, a murɗa, a sake leƙawa, har zaren ya fito tar tun kallon farko, domin idan aka daɗe ana kallo ido zai gyara da kansa ya yaudari mai shi. Maɓallin gefen hagu kuwa shi ne yake haɗa hoton allo da gicciyen a wuri guda, kuma ana sake shi duk lokacin da nisa ya sauya. Ba a dogara da lambobin da ke jikinsa. Ana barin bindiga a kan matokari, a ɗan kaɗa kai sama da ƙasa ba tare da taɓa ta ba, idan gicciyen yana yawo a kan allo to da saura.

Bayan wannan duka sai a zare sakatar bindigar, a leƙa ta cikin bututu a saita allo, a kawo gicciyen kansa, a yi harbi a yadi 100 har tsakiyar rukunin ramuka biyar ta zauna inda ake so, sannan a mayar da lambar maɓallan sifili. Daga ranar sai a buɗe ɗan littafi ana rubuta hawan kowane nisa tare da zafin ranar, domin iska mai zafi ko ta kan tudu ta fi sauƙin ratsawa. Lambobin da suka yi wa mutum aiki a Bisley ba za su yi masa a Bloemfontein ta Afirka ta Kudu ba, garin da yake kimanin mita 1,400 sama da teku, inda aka yi gasar duniya ta F-Class a 2005 da kuma 2023. Madubina na farko yana nan a aljihun tebur, na cire shi daga bindiga, yara suna kallon wata da shi.

Na gode da wannan fili da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naka,
Mai karatu daga Surrey, Ingila