Ciyawar roba a bakin wurin ninƙaya ba ta dace da zafin Kebbi ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ba ni fili in ja hankalin masu gina gidaje da otal-otal a nan Birnin Kebbi, yanzu yayi ya shigo, kowa ya haƙa wurin ninƙaya a bayan gida sai ya shimfiɗa ciyawar roba a gefe wai don ya huta da ban-ruwa. To gaskiya tana da kyau a hoto, amma fa roba ce, kuma garin nan daga Maris zuwa Mayu zafi yana wuce digiri 40, ita kuwa in rana ta dake ta tana iya haura digiri 60, yaro ya fito daga ruwa ba takalmi ya taka ai sai ihu da tsalle-tsalle. Ciyawar gaske ruwan jikinta ne ke sanyaya ta, wannan ko an watsa mata ruwa ba a jima ta koma gidan jiya. Ga ƙurar hunturu da ke maƙalewa cikinta, ƙafafu su kwasa su zuba a ruwan. Wanda ya riga ya saka ya yi mata rumfa, yara kuma su riƙa sa silifas.

Naku,
mai karatu daga Birnin Kebbi