Yadda gasar talabijin ta riƙa juya jadawalin waƙoƙin Birtaniya

Malam Edita, Assalamu alaikum.

Dan Allah ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu, akwai maganar da ta jima tana ci min rai game da yadda ake kawo mana labaran mawaƙan ƙasashen waje. Sau da yawa sai ka ga an rubuta wai wane ya hau lamba ɗaya a Birtaniya, shikenan a wuce, mai karatu ya tafi da tunanin ai wannan shi ne gwanin makon, duk ƙasar shi take saurare. Ni kuwa mai bibiyar jadawalin nan na waƙoƙin da suka fi kasuwa ne duk sati, ina son waƙa tsakani da Allah, kuma abin da na gani shi ne lamba ɗaya iri-iri ce. Akwai wadda jama'a suka ba mutum sabida waƙarsa ta shiga ransu, akwai kuma wadda talabijin ya ɗauke shi ya ɗora shi a kai, kuma wajen shekara goma cur, musamman idan Disamba ta zo, akalar jadawalin nan a hannun masu gasar talabijin take.

Shi jadawalin tsoho ne, a watan Nuwamba 1952 aka fara shi. Wani ma'aikacin jaridar labaran waƙa ta NME mai suna Percy Dickins ne ya riƙa buga waya shagunan sayar da faifai guda 20 yana tambayar me aka fi saya, ya tattara ya buga. Daga baya abin ya girma ya koma hannun kamfanin Official Charts Company, gidan rediyon BBC Radio 1 kuma yana karanto shi daga ƙasa zuwa sama, da can ranar Lahadi da yamma, tun watan Yuli 2015 kuma aka mayar da shi Juma'a. To abin lura a nan, tun ranar farko har zuwa 2014 ciniki kawai ake ƙirgawa, cinikin kwana bakwai kacal. Duk wanda ya iya tura jama'a su saya a cikin kwana bakwan nan ya ci, ko da bayan wata ɗaya babu mai tuna amshin waƙar.

Kar a ɗora wa talabijin laifin da ba nasa ba, kamfanonin faifai sun riga shi gano wannan dabarar. Daga shekarun 1990 suka riƙa kai waƙa gidajen rediyo makonni kafin ta shiga shago, a yi ta jan ran mutane, ranar da ta fito kowa ya ruga, shi ya sa a shekarar 2000 kaɗai waƙoƙi sama da 40 suka hau lamba ɗaya, kusan duk sati sabuwa. Amma da gasar talabijin ta shigo sai abin ya wuce tunanin kowa. A farkon 2002 aka yi wasan ƙarshe na gasar waƙa ta Pop Idol, Will Young ya doke Gareth Gates, ƙuri'un waya sama da miliyan 8 aka kaɗa a daren, da faifansa ya fito kuwa ya sayar da sama da miliyan 1 a satin farko. Yaron da watanni kaɗan baya ba wanda ya san sunansa fa. A Amurka ma haka aka yi a shekarar, Kelly Clarkson da ta ci American Idol na farko ta yi tsalle daga lamba 52 zuwa lamba 1 a jadawalin Billboard a sati ɗaya.

Sai a 2004 mai kamfanin faifai Simon Cowell ya kawo gasar The X Factor a tashar ITV, nan ne fa aka gina injin sosai. Ku duba yadda yake aiki a lokacin. Tun wajen watan Agusta ake farawa da tantancewa, a nuno maka yaro yana rawar jiki a bayan dandali, mahaifiyarsa tana share hawaye, a ba ka labarin aikin da yake yi da wahalar da ya sha, ya fito ya rera, alƙalai su miƙe tsaye. Duk daren Asabar kana tare da shi har wata huɗu, kana biyan kuɗi kana buga waya dan kar a cire shi, yara a gida suna rigima kan wanda za a zaɓa. Tsakiyar Disamba a yi wasan ƙarshe, a watsa ƙyalƙyali daga sama, ya rera waƙar nasara yana kuka, kafin ka kashe talabijin an sanar da kai waƙar ta shiga kasuwa. Mutumin da ya yi wata huɗu yana kashe kuɗi a kan yaron nan ai ba zai tsaya auna daɗin waƙar ba, saya zai yi, ƙuri'arsa ta ƙarshe kenan. Kuma lokacin ba a banza aka zaɓe shi ba, dan a Birtaniya lamba ɗaya ta satin Kirsimeti ita ce mafi daraja a shekara, har caca ake yi a kanta. Shayne Ward a 2005, Leona Lewis a 2006, Leon Jackson a 2007, Alexandra Burke a 2008, shekara huɗu a jere wanda ya ci gasar shi ya ɗauke ta, kuma duk a ƙarƙashin Syco, kamfanin shi Cowell ɗin.

Tasirin bai tsaya kan wanda ya ci ba. Idan ɗan takara ya rera wata tsohuwar waƙa daren Asabar, kafin tsakiyar sati sai ka ga asalin waƙar ta dawo jadawali tana hawa, tunda daga Janairu 2007 an yarda a ƙirga duk waƙar da aka saya aka sauke ta intanet ko da babu faifanta a shago. Wannan ɓangaren gaskiya ina yaba shi, dan matasa da yawa ta nan suka san manyan mawaƙan da suka gabace su. A Kirsimetin 2008 ma wani abin mamaki ya faru, waƙar Leonard Cohen da aka ba Alexandra Burke ta rera ta fito sau uku a jadawali ɗaya, tata a lamba 1, ta marigayi Jeff Buckley a lamba 2 sabida masoyansa sun fusata sun yi gangami, ta mai waƙar da kansa kuma tana can lamba 36. Manyan mawaƙa su ma suka gane cewa minti huɗu a dandalin nan daren Lahadi da ake sanar da sakamako ya fi yawon gidajen rediyo na wata guda, sai kowa ya riƙa saita fitar da sabuwar waƙarsa da ranar da za a gayyace shi. A Oktoba 2009 Cheryl Cole, wadda alƙaliya ce a shirin, ta tashi daga kujerar alƙalanci ta hau dandalin ta rera waƙarta ta farko ita kaɗai, satin ta sayar da kusan dubu 300 ta hau lamba 1. Ba na ce ba ta iya ba, amma mawaƙin da ba shi da wannan ƙofar ta ina zai bi ya yi gogayya da ita a wannan satin?

Mutane sun gaji, kuma sun nuna a 2009. Wasu mata da miji, Jon da Tracy Morter, suka buɗe shafi a Facebook suna kira a sayi wata tsohuwar waƙar ƙungiyar Rage Against the Machine ta 1992, waƙar bore ce mai zafi, dan kawai a hana wanda ya ci gasar hawa sama. Aka yi sati ana kai ruwa rana, alƙaluman tsakiyar mako suna fitowa ana ta lissafi, ranar Lahadi aka sanar ƙungiyar ta sayar da sama da dubu 500, Joe McElderry da ya ci gasar ya tsaya wajen dubu 450 a lamba 2. Na yi murna a lokacin sabida an nuna wa masu kuɗi cewa jama'a ba kayan kowa ba ne. Sai dai akwai abubuwa biyu da ba na mantawa, na farko duka waƙoƙin biyu a ƙarƙashin kamfanin Sony suke, wato kuɗin gida ɗaya suka koma, na biyu kuma wanda aka huce haushi a kansa yaro ne ɗan shekara 18 da bai yi wa kowa laifi ba, gasa aka ce ya shigo ya shiga. Ita ma waccan lamba ɗayan gangami ne ya kawo ta, ba ta gaya mana abin da mutane ke saurare a ɗakunansu ba. Sati na gaba McElderry ya hau lamba 1, amma Kirsimeti ta riga ta wuce.

Inda abin ya fi taɓa ni shi ne makomar yaran nan, kuma shi ne ainihin dalilin wannan wasiƙa. An ce musu kwantiragin fam miliyan 1, an nuna musu lamba ɗaya tun satin farko, duk duniya ta taya su murna, amma farin jinin wutar kara ne, yana tashi sama yana mutuwa. Masu sayen faifan, shirin suke so, shirin kuma watan Agusta mai zuwa zai kawo sabbin fuskoki da sabbin hawaye. Steve Brookstein da ya ci na farko a 2004 bai cika shekara ba suka rabu da kamfanin. Leon Jackson kundi ɗaya ya yi aka sallame shi a 2009. McElderry shi ma zuwa 2011 ya bar Syco. Yaro ya fara daga ƙololuwa, duk abin da ya biyo baya sai a kira shi faɗuwa, waƙarsa ta zo lamba 15 jaridu su rubuta ya ƙare, alhali sabon mawaƙin da ya taso da ƙafarsa idan ya samu lamba 15 biki zai yi. Kuma yawancinsu waƙar wani aka ba su, ba a ba su lokacin da za su nemo muryar kansu ba. Ga kuma zagin intanet, Jesy Nelson ta ƙungiyar Little Mix, waɗanda suka ci a 2011, ta fito a wani shirin BBC a 2019 ta bayyana irin cin mutuncin da ta sha kan surar jikinta tun lokacin gasar da yadda ya jefa ta cikin ƙunci. Wallahi duk mai ɗa ko ƙanwa ya kalli wannan sai jikinsa ya yi sanyi.

Waɗanda suka daɗe kuwa da dama ba su suka ci ba. JLS na biyu suka zo a 2008, Olly Murs na biyu a 2009, One Direction na uku a 2010, kuma su One Direction ɗin ne suka fi kowa cin kasuwar duniya daga shirin. Leona Lewis da Little Mix da James Arthur sun ci kuma sun yi nisa, ban hana musu haƙƙinsu ba, amma su ma waƙoƙin da suka biyo baya ne suka riƙe su.

Abin da ya karya ƙarfin talabijin a ƙarshe canjin lissafi ne. A watan Yuli 2014 aka fara ƙirga sauraro ta manhajoji irin su Spotify, sauraro 100 a matsayin saye ɗaya. Daga nan sai ya zama dole a riƙa jin waƙarka kullum, a mota, a wajen aiki, a maimaita, tausayin dare ɗaya ba zai wadatar ba. Ben Haenow a 2014 shi ne na ƙarshe da ya samu lamba ɗayan Kirsimeti daga shirin. Louisa Johnson ta ci a 2015 waƙarta ta tsaya lamba 9, ko da yake ita an ɗan cuce ta, dan an gama gasa Lahadi ga jadawali ya koma Juma'a, kwanakinta ba su cika ba. Masu kallo suka yi ta raguwa, 2018 aka yi zango na ƙarshe na ainihin shirin, a 2021 ITV ta tabbatar ba ta da niyyar dawo da shi.

Yanzu ma dokoki ne ke yanke hukunci, kuma masu karatu sun cancanci su san su. A Maris 2017 Ed Sheeran ya cika gurbi 16 cikin 20 na farko da waƙoƙin kundi ɗaya, sai aka kafa doka mawaƙi ɗaya ba zai wuce waƙa uku a jadawali ba. Aka kuma ƙara wata, idan waƙa ta daɗe kuma ta yi sati uku tana raguwa sai a rage darajar sauraronta da rabi dan sababbi su samu hanya, shi ya sa wani lokaci za ka ga waƙa ta rikito daga sama a sati ɗaya alhali mutane ba su daina jin ta ba. Tun 2018 kuma sauraron mai biyan kuɗi 100 ne saye ɗaya, na mai saurare kyauta sai ya kai 600. Allon talabijin har yanzu yana da ƙarfinsa, a 2022 wani shiri mai dogon zango na Netflix ya ɗauko waƙar Kate Bush ta 1985 ya kai ta lamba 1 bayan shekara 37, kuma sai da aka ɗage mata waccan dokar rage daraja kafin ta hau.

Roƙona Malam Edita, idan wakilanku za su kawo labarin wani ya hau lamba ɗaya, su ƙara mana layi biyu, a lamba nawa ya shigo, sati nawa ya yi, daga gasar talabijin ya fito ko gangami aka yi masa, saye ne ya kai shi ko sauraro. Kuma dan Allah a riƙa waiwayar waɗanda suka ci irin waɗannan gasa bayan shekara biyu ko uku a gaya mana inda suke, dan matasan da ke mafarkin tsayawa gaban alƙalai su ga ɓangaren da kyamara ba ta nunawa. Na gode da wannan dama, Allah ya ƙara wa jaridarku ɗaukaka.

Wassalam,
Naku, mai karatu kuma mai son waƙa.