Dalilin da kiranka bai shiga ba ranar Sallah

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ka ce ranar Sallah sau biyar ka neme ni kiran bai shiga ba. Lokacin muna Masallacin Sultan Bello, jama'a maƙil, kowa waya a kunne. Abin ya tsaya mini a rai, don kuwa aikin sadarwar waya nake koyo yanzu.

Ka ɗauki turken sabis tamkar mutum ɗaya a tsakiyar tashar Kawo, dole ya ji maganar kowa. Da GSM ta shigo a 2001, bi da bi ake yi. Zango ɗaya, wato hanyar rediyon da murya ke bi, na mutum takwas ne, kowace waya ta faɗi nata ta yi shiru, ta gaba ta karɓa, da saurin da kunne ba ya jin giɓin. Zuwan 3G aka bar kowa ya yi magana tare, amma kowace waya da tata lambar da ke bambanta muryarta, ba lambar kira ba, kamar masu Fulatanci da masu Yarbanci a mota ɗaya, kowa na tsintar nasa. Sai dai na kusa da turke yakan danne na nesa, shi ya sa turken ke umartar waya ta rage murya ko ta ƙara, har sau 1,500 a daƙiƙa guda. A 4G kuwa, zangon aka yayyanka ƙanana aka rarraba.

Wadda ta fi shiga raina ita ce dabarar cirewa. Idan muryoyi suka cakuɗe, na'ura takan fara da mafi ƙarfi, ta gane abin da ya faɗa, ta sake ƙera muryarsa, sannan ta zare ta daga hayaniyar. Sai ta biyu ta bayyana, ita ma a zare, har a kai ga mai raunin da ke can bayan gari, wanda da farko ko alamarsa babu. Wallahi ranar da na ga haka a kwamfuta na daɗe ban tashi ba. Haɗarinta ɗaya, in an kuskure ta farko, kuskuren zai bi sauran duka.

Duk da haka kowane turke yana da iyakar abin da zai ɗauka, ranar nan mun fi ƙarfinsa ne. Ka neme ni bayan isha'i. A gaida Hajiya da yara.

Naka amini,
daga Unguwar Sarki, Kaduna