Zuwa ga Abba, kan maganar takardar kamfanin nan

Assalamu alaikum Abba, ya karatu ya sanyin Atlanta? Ummanka ta nuna min hoton takardar da kace kamfanin waƙa sun baka, shafi goma sha huɗu da ƙananan rubutu har saida na ɗauko tabarau, kuma naji a muryarka kamar ka riga ka yanke shawara. Kasan dai ban taɓa son harkar nan ba, amma tunda ka nace toh gara in faɗa maka abinda na gani.

Wannan mutumin naka da ka cika mana gida da waƙarsa lokacin hutu, Big K.R.I.T., na zauna na bi labarinsa. Ɗan Meridian ne a jihar Misisipi, gari ne ƙarami wanda ba'a san shi da fitar da mawaƙa irin na Atlanta ko Houston ba. Shi yake haɗa kiɗansa da kansa, shi yake rubutawa, a 2010 ya saki waƙoƙinsa kyauta a intanet mutane suka yi ta saukewa, a shekarar kamfanin waƙa na Def Jam suka ɗauke shi. Kaga ba su suka nemo masa jama'a ba, da jama'arsa suka same shi, wannan ka riƙe shi da kyau.

Toh sai me ya biyo baya. Kundinsa na farko a hannun kamfani, Live from the Underground, an sa zai fito a 2011 amma bai fito ba sai watan Yuni 2012, kuma babban dalilin shine guntayen tsoffin waƙoƙin da yake yankowa yana ɗora kiɗansa akai. Lokacin da yake rabawa kyauta ba wanda ya tsaya binsa, amma da zarar za'a sayar sai an nemi izinin mai kowane guntu an biya shi, wani ya sa kuɗi mai yawa wani yaƙi ma gaba ɗaya, dole a cire a sake gini, masoyansa kuwa suna can suna jira har wasu sun fara cewa kamfani ya rage masa armashi. Ba wai ya faɗi bane, kundin ya shiga na 5 a jadawalin Billboard na kundayen da suka fi kasuwa a Amurka, har tsohon mawaƙin nan B.B. King ɗan jiharsu ya sa murya a ciki. Amma duk da haka a 2016 ya bar Def Jam, kundinsa na 2017 da kansa ya fitar a ƙarƙashin kamfaninsa. Mutum baya barin inuwa ya koma rana haka kawai.

Abinda yafi damuna a takardarka shine kuɗin nan da suke kira adibans. Kafin alƙalami ne Abba, bashi ne, ba kyauta ba. Daga kasonka zasu cire shi, da kuɗin situdiyo da na bidiyo, kafin kaga ko sisi. Ni da nayi shekaru ina karɓar atamfa bashi a kasuwa nasan yadda yake, ranar karɓa kana dariya, ranar lissafi sai gumi. Sannan a shafi na tara, in dai turancina bai yaudare ni ba, asalin waƙoƙin nasu ne ba naka ba, kuma banga inda aka rubuta ranar da zasu dawo maka dasu ba.

Kar ka sa hannu wai don sun ce zuwa Juma'a. Ka nemi lauya wanda ya san harkar waƙa, naka na kanka ba wanda su zasu haɗa ka dashi ba, kuɗinsa ni zan turo. Ya tambaye su kundi nawa suke so, shekara nawa, kuma in sun ajiye aikinka basu fitar ba kana da ikon tafiya ko a'a.

Karatu kuma saura zango biyu, bana son jin wani zance akai. Ummanka tace ka kira ta ranar Lahadi bayan la'asar, ta samu mai tahowa zata bashi yaji da kilishi. Allah yayi maka albarka.

Mahaifinka